Ranar Ruwana Ina Gadin Batir

A ofishin ƙungiyar manoman shinkafa da na yi wa aiki kusa da Bunkure, akwai wani ƙuntataccen ɗaki marar taga inda aka ajiye babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin suka dogara da ita. Batura biyu ke riƙe ta idan an ɗauke wuta. Aikina shi ne in zauna in zuba musu ido, in kashe ta da hannu kafin su mutu, don kada bayanai su lalace.

Ina da 'yar gonar tumatir, ruwan kanal kuwa bi da bi ake sakinsa, ba ya jiran kowa. Sai na saita kwamfutar: idan batir ɗaya ya gaza ta jingina da ɗayan, idan shi ma ya kusa ƙarewa ta rufe kanta a tsanake. Na gwada, ta yi daidai. Ranar ruwana na tafi gona.

Da na dawo na tarar da manaja tsaye a ƙofar ɗakin. Ya ce, "Malam, wa ya ba ta izinin mutuwa ba kowa a wurin?" Na yi bayani har yawuna ya bushe. Ya ce shi bai yarda da abin da ke yanke hukunci da kansa ba, in cire.

Na cire. Da ranar ruwana ta zagayo ina zaune cikin zufa, batura na yi mini kuka, ruwana yana wucewa gonar maƙwabcina.