Malama Ba-Zama da Littattafan da Ba Sa Yi wa Yara Ƙarya

Kafin maigadi ya gama buɗe ƙofar makaranta, ta riga ta shige. Jaka a kafaɗa, littafi a hammata, yatsa ɗaya a cikinsa don kada shafin ya ɓace mata. Ta buɗe ɗakin karatu, ta ture tagogi, ta ɗauko wannan ta mayar da wancan. Akwai kujera a ɗakin, amma littattafai ne ke zaune a kanta. Shi ya sa yara suka sa mata suna Malama Ba-Zama, har mu iyaye muka manta da sunanta na yanka.

Aikinta a takarda shi ne kula da ɗakin karatu na firamare. Aikin da ta ɗora wa kanta daban ne. Ta ce yaran da ke tsakanin shekara tara da sha uku su ne marayun karatu: sun wuce tatsuniya, ba su kai littattafan manya ba, kowa yana miƙa musu abin da ya ga dama. Ita kuwa farautar sababbin labarai take yi, na yara irinsu, masu faɗa da ƙawaye, masu jin kunyar yagaggen takalmi, waɗanda iyayensu suka rabu. Kuma ba ta ba yaro littafin da ba ta karanta ba.

Mai kantin littattafai na bakin tasha ya taɓa ce mini, yana dariya, "Wannan Malamar taku za ta kashe mini kasuwa. A tsaye take cinye littafi, sannan ta ce, 'Wannan marubucin bai taɓa zama da yaro ba, mayar da abinka.'" Sannan ya ƙara da cewa, "Amma wanda ta ce yana da kyau, kafin mako ya ƙare babu shi."

Wani uba ya taɓa zuwa a fusace, wai an ba ɗansa littafi mai labarin mutuwar aure. Ba ta yi musu da shi ba. Tana jera littattafai ta ce, "Ranka ya daɗe, ka karanta babi uku ka dawo mu yi faɗan da kyau." Ya dawo, amma ba faɗa ya kawo ba. Tambaya ya zo yi ko akwai wani irinsa.

Ni tawa shaidar daga cikin gidana take. Shekarar da ɓarin jikin maigidana ya shanye, Autarmu tana aji biyar. Yarinyar da bakinta ba ya rufuwa ta koma kamar an ɗinke ta. Ba ta shiga ɗakin babanta. In ya kira ta da wannan harshen nasa da ya yi nauyi, sai ta ruga bayan gida. A makaranta ta fara dukan 'yan ajinsu. Na yi lallashi, na yi faɗa, na rasa inda zan sa kaina.

Malama ta lura kafin in faɗa mata. Ta ba Auta wani sabon littafi, labarin yarinyar da mahaifiyarta ta kwanta ciwo. Bayan kwana kaɗan Auta ta dawo ta dangwarar da shi a kan tebur.

"Ƙarya ne," in ji ta.

"Ina ƙaryar take, 'yata?"

"A ƙarshe mamarta ta warke. Babana ba zai warke ba. Na ji likita yana faɗa wa Mama."

Da wata ce, da ta ce ki yi shiru, Allah zai ba shi lafiya. Ke kuwa, Malama, sai kika ce, "Kin yi gaskiya, wannan ba naki ba ne. Ba ni lokaci." Kika shiga gari da wannan gwiwar taki mai ciwo, kanti bayan kanti, kina karatu a mota har kina wuce inda za ki sauka. Kika kira tsofaffin abokan aikinki kika dame su. Sai da kika samo labarin wata yarinya da mahaifinta ya makance, bai kuma warke ba har shafin ƙarshe. Yarinyar cikin littafin ta ji haushinsa, ta ji kunyarsa a gaban ƙawaye, ba wanda ya kira ta muguwa.

Wata la'asar ina wanke-wanke na jiyo murya daga ɗakin maigida. Na leƙa. Auta ce a bakin gado tana karanta masa, tana tsayawa tana cewa, "Baba, ka ji abin da ta yi? Ni ma na yi haka." Shi kuma yana dariya da rabin bakinsa, hawaye na bin kumatunsa. Har yau bai warke ba. Amma 'yarsa ta dawo masa.

Ke ce kika koya mini cewa yaro ba ya tsoron gaskiya, abin da yake tsoro shi ne a bar shi da ita shi kaɗai. Guguwa mai littafi a hammata, sannu da aiki.

Ƙarshen wannan zangon Malama za ta yi ritaya, kuma tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Ɗakin zai samu wani mai makulli, wannan ba wuya. Amma wa zai riga yaran karantawa? Wa zai kalli fuskar yarinya ya gane wane labari take bukata? Ita ma ba ta natsu ba. Kwalin sababbin littattafai ya iso, idanunta sun fara gajiya, tana ta rige-rige da kwanakin da suka rage.

Na je in yi mata godiya, ko bari in ƙarasa ba ta yi ba. Ta cusa mini littafi a hannu.

"Maman Auta, godiyar ta isa haka. Akwai wani yaro a aji shida mai in'ina, 'yan ajinsu sun hana shi sakat. Karanta wannan ki faɗa mini ko zai yi masa. In marubucin ya warkar da in'inar a ƙarshe, ki dawo mini da shi."

Malama, mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya. Ku kuma iyaye da malamai, kada mu tsaya jiran a aiko mana da wata irinta. Ku shiga kanti, ku ɗauki littafi ɗaya, ku karanta shi kafin ku miƙa wa yaro, sannan ku saurari abin da zai ce. Ni dai nawa yana cikin jaka, na kai rabi, kuma akwai yaron da ke jirana.