Takalmin da Ya Ƙi Narkewa

Kowa a gidanmu ya ce gaggawata ce ta ƙona takalmin Goggo. Ba ita ba ce. Gaggawa ina da ita, ban musa ba, amma ranar nan a hankali na yi komai.

Babana gyaran takalman roba yake yi a ƙofar gidanmu a unguwar Ridina. Ba zare, ba gam. Tsohuwar wuƙa yake turawa cikin garwashi, in ta yi zafi ya zura ta inda takalmin ya tsinke, ya zare, ya matse da yatsu, roba ta kama roba. Ina lise, wato makarantar sakandare, idonsa ya fara rauni, na dame shi har ya bar mini wuƙar. Sati uku ina yi lafiya lau. Sai ƙanwarsa Goggo ta zo daga unguwar Moursal da baƙin takalminta. Na sa wuƙa, bai narke ba, sai hayaƙi da wari, wurin ya koma gawayi yana marmashewa.

"Ke ko shayi ba ki iya jira ya huce," in ji Goggo. "Yaya, wa ya ce ka ba wannan yarinya wuta?"

Hannu Baba ya miƙo, na ba shi wuƙar. Wannan ya fi mini faɗan Goggo ciwo, don a bakin murhun nan kaɗai ni da shi muke hira.

Washegari na kai wa malaminmu na kimiyya ƙonannen guntun, da wani guntun irin mai narkewa. Ya jujjuya su ya yi dariya.

"Madmazel," in ji shi, haka yake kiran kowace ɗaliba, "wannan ba ya fitowa a jarrabawa."

"Na sani, Malam. Amsa nake so."

Ya ɗauki alli ja da fari, ya ja layi ɗaya, rabi ja rabi fari, ya cika allo da irinsa. Ya ce akwai robar da ake yi da zaruruwa ƙanana haka, waɗanda ido ba ya gani, rabi mai tauri rabi mai laushi. Rabin nan biyu ba sa shiri, kamar mai da ruwa, amma an ɗaure su baki da baki, ba halin su rabu. To sai jajaye su taru a 'yan ƙananan tsibi, a jere, farare su miƙe a tsakaninsu. Tsibin nan su ke riƙe takalmin. In zafi ya zo sai su saki, in ya ƙaru jerin ya watse, ja da fari su cakuɗe. In ya huce kowa ya sake neman nasa, su kama.

"Na Goggo fa?"

"Robar taya ce. An ƙulle zaruruwanta da farar wuta tun a masana'anta. Ba ta saki, sai dai ta ƙone."

Da gudu na dawo na zayyana wa Baba. Ya karɓi guntun, ya kai hanci.

"Ai ta taya ce. Wa ke sa mata wuta? Ɗinka ta ake yi."

"Ka sani? To me ya hana ka gaya mini?"

"Na ɗauka kin gani."

Sai a lokacin na tuna yadda yake kai kowane takalmi fuskarsa kafin ya taɓa shi. Duk sati ukun nan na ɗauka raunin ido ne, ashe shinshinawa yake yi. Shi bai san abin faɗa ba ne, ni kuma hannunsa kawai nake kallo.

Bai maido mini da wuƙar ba, ban kuma roƙa ba. Na kwashe tarkacen da ya tara a bayan ƙofa cikin buhu, na ari wata tsohuwar wuƙa wurin Inna. Na ƙudura zan bi su ɗaya bayan ɗaya a madafa, in shinshina, in faɗi abin da zai faru, sannan in sa wuta in gani. Ranar da na gama buhun ban kuskure ba, zan je in zauna kusa da shi in miƙa hannu.