Kalangun da Ba Shi da Ubangida

Edita, ina gaishe ka, ina gaida masu karatu. Wanda ya gan ni yau a tasha, da tumbina da yake riga ni shiga ɗaki, ina ba fasinja dariya har suna manta kayansu, ba zai yarda akwai abin da ke cina a rai ba. To akwai. A shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, ni saurayi ne siriri kamar sillen kara, na zo Kaduna daga ƙasar Katsina, ina tuƙa wata tsohuwar akori-kura da ke kwasar fatu daga mahautar Babbar Kasuwa. Gidanmu gidan malamai ne. Tun daga kakan kakana ba wanda ya taɓa buga ko ƙwarya. Ni kuwa da na ji kalangun mahauta a kasuwar nan sai hankalina ya bar jikina, har yau bai gama dawowa ba.

Na sayi wani kalangu da ya girme ni a wurin mai gwanjo, na kai shi ɗakina a Unguwar Kanawa, na fara azabtar da bayin Allah. Kajin gidan suka daina ƙwai. Akuyar maƙwabcina ta tsinke igiya, an ce sai a Kawo aka tsinto ta. Mai gidan hayarmu, wani dattijo Bakano, ya ce da ni shi ya ga yaƙi da idonsa amma bai taɓa jin tashin hankali irin nawa ba. Ban fasa ba. Abokai suka ce in je in durƙusa wa wani makaɗi ya koya mini, na ce ni ba zan yi shekaru ina ɗaukar wa ƙato tabarma da buta ba. Kunnena ne malamina. Duk abin da na ji a kasuwa da rana, in na koma gida sai na matse kalangun a hammata har ya fito. Kuma wallahi ya fito. Hannuna ya faɗa, har masu zagina suka koma leƙowa ta taga. Duk wanda ya tambaye ni yaron wane ne ni, sai in bugi ƙirji in ce ni yaron kaina ne.

Akwai wani tsohon makaɗin mahauta da nake yawan gani. In kasuwa ta yi sanyi bayan azahar, yakan koma bayan rumfuna inda ake babbaka, daidai inda nake ajiye mota, ya zauna shi kaɗai yana wani kiɗa a hankali, kamar mai yi wa kalangun raɗa. Ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Ban taɓa ji ya kaɗa shi a gaban jama'a ba, sai na ɗauka rowa ce irin ta tsofaffi. Nakan ga yana goge ido, in ce hayaƙi ne. Ina kwance a gaban mota kamar mai barci na kwashe kiɗan nan tsaf, na adana shi, na ce ranar da zan fito duniya da shi zan fito.

Ranar ta zo. Wani babban mahauci a Unguwar Sarki yana aurar da 'yarsa, makaɗan gidan suka makara a wani bikin, jama'a sun cika ƙofar gida tun kafin la'asar ba kiɗa. Wani abokina mai tsire ya rugo ya ce in ɗauko kalanguna, ga damata ta samu. Na je wurin maigidana mai mota na ajiye masa makulli, na ce ya nemi wani direban, daga yau ni makaɗi ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce Allah ya sa kalangun yana da taya. Na isa, na fara, wuri ya ɗauka. Samari suna tsalle, tsofaffi suna gyaɗa kai, wani maroƙi da bai ma san sunana ba ya shiga yi mini kirari. Kaina ya kumbura har hulata ta matse ni. Sai na ce bari in ba su abin da ba su taɓa ji ba. Na gyara tsayuwa, na saki kiɗan tsohon nan da dukkan ƙarfina.

Ashe sun taɓa ji. Rawa ta tsaya cak. Maroƙin ya yi baya kamar ya taka wuta. Ni kuwa na ɗauka daɗi ne ya kashe musu jiki, sai na ƙara matsawa. Daga cikin gida aka ji ihu, sai ga uwar amarya ta keto maza ba mayafi ba takalmi, tana waige-waige tana kiran wani suna, tana cewa ina yake, ya dawo ne. Da idonta ya sauka a kaina, baƙo da kalangu, sai ta sulale ta faɗi. A nan abokina ya riƙe mini hannu, ya ce kiɗan nan taken babban ɗan gidan ne, ɗan dambe, wanda mota ta kashe a hanyar Zariya. Da taken ake shigar da shi fili, da shi ake rako shi gida in ya yi nasara. Tun ranar da aka binne shi aka ajiye taken, kuma duk makaɗin da ke garin nan ubangidansa ya gaya masa kada ya kuskura. Ni kaɗai ne ba ni da wanda zai gaya mini.

Ana cikin yayyafa wa matar ruwa tsohon ya iso da yaransa, ashe su ne makaɗan gidan, shi ne kuma mai yi wa marigayin taken. Na so a ce duka suka yi mini. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni, ɗana, wa ya koya maka. Amsar da na saba bayarwa da fahariya ita na ba shi, da ƙyar na ce ba kowa. Ya ce to ai shi ke nan. Ya bayyana mini a gaban mutane cewa in yaron makaɗi ya yi kuskure, ubangidansa ne yake cire hula ya shiga gida ya durƙusa, laifin ya koma kansa, a yafe, gobe yaro ya ci gaba da kiɗa. Ya ce ni wa zai shiga domina. Na duba hagu na duba dama. Har mai tsiren ya ɓace. Tsohon ya karɓi kalangun, ya zaro 'yar wuƙa ya yanke tsarkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini icen.

An kai amarya ba kiɗa. Uwar ta daɗe a kwance, an ce ba ta ƙara zama daidai ba. Na je ba da haƙuri, maigidan ya aiko a ce mini ya ji, amma kada in ƙara bin layin. Labari ya zaga gari, ko bikin kaciya ba a ƙara kirana ba. Na koma wurin tsohon bayan rumfuna, na durƙusa a cikin toka, na ce yanzu na yarda in ɗauki tabarma da buta har da shi kansa in yana so. Ya ce hannuna ya fi na yaransa duka, kuma abin da ya sa ba zai karɓe ni ba ke nan, don da wannan hannun na tone masa kabarin ɗan damben. Bai ƙara yin kiɗan nan ko a ɓoye ba har ya rasu. Ɗan abin da ya rage masa na yaron, ni na raba shi da shi. Na koma na roƙi makullin mota, mai motar ya yi dariya har ya ƙware, ya ba ni.

Samarin da ke koyon kiɗa daga rediyo da kaset, ku ji ni. Kunne zai ba ku sauti, amma ba zai gaya muku na wane ne ba, da wanda ya mutu a kansa, da gidan da ba a kaɗa shi. Wannan sai a bakin mutum, kuma sai kun zauna a ƙasa. Ku nemi wanda zai cire hula dominku tun ba ku buƙace shi ba. Ni icen kalanguna yana ƙarƙashin gado, matata tana zuba albasa a ciki. Kiɗan kuwa bai bar ni ba. Ina tsakiyar ba fasinja dariya sai in ji yatsuna suna kaɗa taken a kan sitiyari, in yi maza in damƙe su, in leƙa madubi in ga ko akwai wata tsohuwa a baya.