Jar Wuta a Bas ɗin Bilya

Malam Gide yana cikin goge sifanoninsa ɗaya bayan ɗaya, kamar kowace safiya, sai Bilya direba ya faɗo shagon. Malam Gide tsohon bakanike ne a Faskari, baƙin mai ya zauna a zanen tafin hannunsa har sabulu ya haƙura.

"Baba, jar wutar baƙin mai ta sake kawowa," in ji Bilya. "Na duba, mai cike yake. Yanke mani wayarta kawai. Da fasinja sun ga ja sai su kama salati."

Suka fita. Malam Gide ya ɗora bakin sukudireba a kan injin tsohuwar bas ɗin, ya manna ƙotar a kunnensa. Can ƙasa akwai wata siririyar ƙara, kamar haƙoran mai jin sanyi. Ko wutar ce ke ƙarya, ko famfon mai ne ke mutuwa. Sai an kwance za a sani.

Da suka koma ciki Malam Gide ya ce, "Ina za ka yau?"

"Garin Sabuwa. Fasinja na tasha suna jirana."

"In injin ya buga a tsakiyar dajin nan, wa zai fara isowa gare ku? Ni, ko masu bindiga?"

Bilya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Baba, kar ka makarar da mu. A fasinjan har da ɗiyarka Hussaina, ita da goyonta."

 Tsohon ya zare makullin motar daga yatsun Bilya, ya jefa a aljihu, ya fice.