Hoton Maƙogwaron Ƙanwata

Ƙamshin gyaɗa a kasko, da wani turare mai tsada da ya danne shi: abin da hancina ya riƙe ke nan daga ranar. Kirsimeti ya kusa, duk ƙauyenmu Vimtim ana suya, Likita kuma ya zo gida hutu.

Ɗan unguwarmu ne. Ya yi karatu mai nisa, ya zama mai fiɗar kunne da hanci da maƙogwaro a babban birni. Ina aji uku a sakandare a lokacin, kuma na ɗauka mutumin da ke gyara inda murya take fitowa, dole hannunsa ya yi laushi kamar auduga. Har waƙa na rubuta masa a zuciyata.

Ƙanwata jaririya ce, tana tari tana amai. Kakarmu ta wajen uba ta ce beli ne, wannan ɗan naman da ke reto a can cikin baki, kuma ta riga ta aika wa wanzami ya zo da safe ya yanke. Mama ba ta so, amma muryar matar ɗa ba ta kai ko'ina a gidanmu. Kaka ta ce abu ɗaya zai hana ta: Likita ya tako ya faɗa mata da bakinsa, tunda ita ta goya shi ranar da uwarsa ta kwanta ciwo.

Ni da Mama muka same shi ƙarƙashin mangwaro, ƙafa ɗaya kan ɗaya, manyan gari kewaye da shi. Mama ta durƙusa da goyo a bayanta.

"Likita, a taimaka. Gobe za a cire wa yarinya beli. Zuwa kawai za ka yi ka ce wa Kaka a'a."

Bai dubi jaririyar ba. Baƙinsa ya duba. "Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan kullum." Sai ya juya harshe zuwa Turanci, ya yi dogon bayani kan jahilcin mutanenmu da ƙarfen da ba a dafawa. Bayanin daidai ne, na gane kowace kalma. Mama ba ta gane ko ɗaya ba, gwiwarta kuma tana ƙasa.

"Gidan ga shi can, bayan rumbu," in ji ta.

"Madam, hutu na zo. Ku kai ta asibiti a Mubi."

Da muka koma, Kaka ta tambaya, "Ina yaron?" Ta leƙa bayanmu, ba kowa. Ta ce, "To, da abin ba kyau ai da ya zo."

Wanzami ya zo da zabirarsa rana na fitowa. Hannunsa ya zarce. Jinin ya ƙi tsayawa sai da Baba ya ɗauke ta da Mama a babur zuwa gari. Ƙanwata ta rayu, amma nono ya riƙa dawowa ta hancinta, kuma har yau maganarta ta hanci take bi. Ba ta waƙa a coci, leɓe kawai take motsawa.

Likita ya tako gidanmu daga baya, rumbun bai yi masa nisa ba a ranar. Ya danne harshen ƙanwata da ɗan katako, ya haska fitila, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya sake ɗauka. Kaka ta ba shi gyaɗa a leda, ya karɓa.

Sai da na shiga jami'a, wata ƙawata mai karatun jinya ta nuna mini bidiyon taron karrama Likita, saboda shekarun da ya yi yana yaƙi da yankan beli. Ashe da wannan hoton yake buɗe jawabinsa a duk ƙasar da aka gayyace shi. Na gane hoton ne da zanin Mama da ya fito a gefe.