Yatsan da Ban Danna Ba

Ni ne mai laifi, kuma da gangan na yi. Na fara da wannan don duk wanda ya san ƙanwata ya daina cewa tsautsayi ne.

A Setapak, wata unguwa a Kuala Lumpur, muka tashi, Baba yana koyarwa a wata kwaleji. Karatu bai karɓe ni ba, da ƙyar na gama sakandare, amma a wasan zamiya kan ƙanƙara ina da ƙafa. Filin yana cikin wani babban kanti. Can koci, wata mata mai ƙaramar murya, ta gan mu ni da ƙanwata ta ce mu gwada wasan mutum biyu: namiji ya ɗaga mace, ya juya da ita, ya cilla ta sama ta dira da ƙafa ɗaya. Baba ya yarda ne kawai saboda ni zan riƙe ta. Ya ce hannun ɗan'uwa ba ya saki.

Muna da wata alama tsakaninmu. Kafin in cilla ta, nakan danna tafin hannunta da babban yatsa sau biyu, sai ta rage tsawo ta tashi. Ba kiɗa take bi ba, yatsan take jira. Ko koci ba ta san da shi ba.

A Bangkok muka yi gasarmu ta farko a waje, muka zo na biyun ƙarshe. Bayan mun dawo, muna zaune da koci a wani mamak, wato shagon shayi da abinci, a Titiwangsa, na tashi karɓo shayi. Ina dawowa na ji koci tana gaya wa ƙanwata cewa wata makaranta a Turai tana neman yarinya irinta, da abokin wasa a shirye, kuma wakilinsu zai zo kallon gasar da za a yi nan Kuala Lumpur. Ƙanwata ta ce ita za ta shawo kan Baba. Ta ƙara da cewa dama hannun Yaya yana rawa.

Ni da na yi shekara huɗu ina ɗauke da ita a kaina, kafaɗata har yau tana ƙara. Na ajiye mata shayinta, na tambaye ta ko sukari ya ji.

Wata biyu ina dafa abin a raina. Na fi kowa sammakon atisaye, ina riƙe mata jaka a jirgin ƙasa, ina ɗaure mata igiyar takalmi. In ta ce, "Yaya, yau ka yi kirki da yawa lah," irin maganar 'yan garin, sai in yi dariya. So nake ta tafi gaban wakilin nan da cikakkiyar yarda, ta gane a bainar jama'a hannun wa take taƙama da shi. Na ce wa kaina ɗan tuntuɓe kawai za ta yi.

Ranar gasa Baba da Umma suna layin gaba. Muka zo wurin cillawa, hannunta cikin nawa, a buɗe, yana jira. Ban danna ba. Na cilla ta haka nan.

Ta tashi a karkace, ta dira a kan gwiwa. Ƙarar ta fi kiɗan. Kuma ba zan ɓoye ba: kafin tsoro ya zo, sai da na ji sanyi a raina.

An yi mata aiki sau biyu, wakilin ya koma da wata yarinya. Ta gaya wa kowa ita ce ta makara. Ni kaɗai ba ta gaya wa haka ba. Ta ci gaba da kirana Yaya, tana zuba mini abinci, amma ko cokali za ta miƙo mini sai ta ajiye shi a tebur.

Shekara uku muka yi a haka. Ranan nan da la'asar na raka ta Kampung Baru sayen abinci, ruwa ya sauko, matakalar tashar jirgin ƙasa ta yi santsi. Na miƙa mata hannu. Ta kalle shi, ta kama ƙarfe, ta sauka a hankali tana jan ƙafar.

A ƙasan matakalar na tsaya gabanta na ce, "Gaskiyarki, hannuna yana rawa. Amma ranar gasar bai yi rawa ba. Na ji maganarki da koci, na hana ki alamar ina sane. Zan faɗa wa Baba da bakina yau. Ko ba ki yafe ba, ki yi haƙuri, ƙanwata. Na cuce ki."