Gurbin Gashi na Huɗu

Fehintola Oyewole mace ce mai ƙyanƙyami tun tana yarinya. A gidansu da ke Ilesha, idan ƙuda ya sauka a bakin kwanonta to ta gama cin abinci ke nan, ko da kuwa amala ce da miyar ewedu da ta fi so. Uwarta, mai sayar da atamfa a kasuwa, takan ce, "Wannan 'yar, ko miji mai gumi ba za ta iya zama da shi ba." Shi ya sa ranar da aka ji ta sami aiki a jami'ar da ke kusa da garinsu, a sashen nazarin halittun cikin ƙasa, dangi suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ita kanta ba ta san abin da aikin ya ƙunsa ba. Ta ji dai ana neman ma'aikaciyar ɗakin bincike, sai ta hango kanta cikin farar riga, ga fanka, ga kwalabe suna ƙyalli. Ranar farko Farfesa Ogunrinde, wani dogon dattijo mai furfura har a gira, ya dire mata buhu a kan tebur ya ce ta kwance. Ta kwance. Ruɓaɓɓen ganyen koko ne da baƙar ƙasa mai danshi, sai wani wari kamar na tsohuwar rijiya. Wata ƙatuwar tana ta leƙo ta koma. Fehintola ta fita a guje, ta amayar da karin kumallonta a gindin mangwaro.

Da ta dawo, Farfesa bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Kin gama? To kurkure baki ki zo. Waɗanda muke nema ba su kai tanar nan muni ba."

Waɗanda suke nema wasu ƙwari ne 'yan mitsi-mitsi, manyansu ba su kai ƙwayar gero ba, ƙananan kuwa kamar ɗigon biro. Ƙafa shida gare su, ba fiffike, ba cizo. A ƙarƙashin cikinsu akwai wata wutsiya mai baki biyu da suke naɗewa, in an taɓa su sai su sake ta, ta cilla su sama kamar ƙuma. Don haka mutanen sashen ke ce musu 'yan-tsalle. Akan zuba ƙasar a rariya bisa mazurari, a kunna ƙwan lantarki a kai. Zafi da bushewa su yi ta kora su ƙasa har su faɗa cikin kwalbar sifirit. Daga nan aikin Fehintola ke farawa. Ta tsamo su ɗaya-ɗaya da siririyar allura, ta kwantar da kowanne a kan ɗan gilashi, ta tura shi ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Ba ta taɓa son su ba, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. A cikin madubi abin da ido bai gani sai ya zama ƙaton dodo mai gashi buzu-buzu, da wani ɗan bututu mai laima a ƙirji wanda duk ranar da ta kalle shi sai tsikar jikinta ta tashi. Sai dai idon da ke gano silin gashi ɗaya a cikin tukunyar miya, shi ne idon da aikin ke bukata. Cikin shekara biyu ta iya ƙirga idanunsu, wani takwas a kowane gefe, wani shida, wani makaho ne fitik. Ta iya duba bakin wutsiya ta ga haƙori ɗaya ne ko biyu. Ta san mai ɓawo a jiki kamar kifi da wanda ba shi da shi, ta san inda kowane dogon gashi ke tsirowa a ka da gadon baya. Akwai jinsi biyu da ke kama kamar tagwaye, launi ɗaya, tsawo ɗaya, ƙaya guda ce kawai a gindin haƙorin wutsiya ta raba su. Ɗalibai su yi mako suna musu a kai, ita ta leƙa sau ɗaya, ta yamutsa fuska, ta faɗi sunan.

Ita ce kuma ke zana su da tawada don takardun da Farfesa ke aikawa a buga. Yakan ce da baƙi, "Ni nake da digiri, ita ke da ido."

Ta auri Akanbi, wani tela mai barkwanci, suka haifi ɗansu Dotun. Dokarta ta farko a gidan ita ce takalmin aiki ba ya wuce bakin ƙofa. Kullum ta dawo sai Akanbi ya ɗago daga kan keke ya ce, "Iya Dotun, yau ƙuma nawa kika ƙirga wa ido?"

"Na gaya maka ba ƙuma ba ne."

"To, ɗan kawunta. Ki gaishe min da shi gobe."

Tana shekara ta ashirin da biyu a wurin Farfesa ya yi ritaya ya koma ƙauyensu. Wanda ya gaji ɗakin binciken shi ne Dakta Fashakin, matashi mai ƙamshin turare da takalmi mai sheƙi. Da farko Fehintola har godiya ta yi wa Allah, ta ce yau ga mai tsabta ya shigo sashen. Ba a jima ba ta lura tsabtar tasa ta ƙin taɓa aiki ce. Ba ya zuwa gona, ba ya taɓa buhu, amma duk taron da manya za su zo yana layin gaba.

A lokacin akwai wani attajiri mai gonar kaji a bayan gari, Cif Aladesuyi, wanda ya yi alkawarin bai wa sashen mota ta zuwa gonaki. Dakta kuwa ya yi masa nasa alkawarin, cewa ya gano sabon jinsin ɗan-tsalle a gonar kajin, kuma zai raɗa masa sunan mahaifiyar Cif da ta rasu, sunan ya zauna a littattafan duniya har abada.

Wata Talata da hantsi Dakta ya kira ta, ga gilasai uku da shi da kansa ya shirya.

"Anti Fehin, zo ki sha kallo. Sabo fil, ba wanda ya taɓa ganinsa."

Ta sunkuya. Ɗan-tsallen nan ne mai ratsin shuɗi a baya, wanda ta gani ya fi sau dubu, wanda ke cika duk inda taki ya ruɓe. Sanannen yana da dogon gashi huɗu a bayan kowane ƙaho. Na Dakta uku ne da shi. Ta rage haske, ta murɗa madubin a hankali. Sai ga wani ɗan zobe, ƙarami ƙwarai, daidai inda na huɗun ya kamata ya tsaya.

Ta ce, "Yallaɓai, huɗu ne."

"Uku ne. Ko tabaranki ne ya tsufa?"

"Gashi uku, gurbi huɗu. Na huɗun tsigewa ya yi. In aka daɗe da su a kan wuta lokacin wanke su da ruwan magani, haka gashin ke zuba. Ga ramin nan, duba ka gani."

Ya sunkuya ya duba, ya daɗe. Fehintola tana tsaye tana kallon ƙeyarsa, ta kuma san ya gani, don ta ga yadda yatsansa ya tsaya cak a kan abin murɗawa. Ya miƙe ya gyara wuyan riga ya ce, "Ƙura ce."

"Ƙura mai zobe?"

"Anti, da girmanki. Takardar sakandare ce da ke, ni kuwa shekara biyar na yi a ƙasar waje a kan abin nan. Ki zana min shi da gashi uku, ki kawo Jumma'a."

Da ya fita cin abinci, wani abu ya ce mata ta leƙa kwandon shara na ofishinsa. Ita da ko nata kwandon ba ta taɓawa sai da safar hannu, ta tsuguna ta ture ɓawon ayaba da ganyen alala mai yauƙi da tsumman majina. A ƙasa ta tarar da gilasai ashirin da bakwai an naɗe da jarida. Ta wanke su, ta duba ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu gashi huɗu ne cif, sauran kuma a wani wurin dabam nasu ya zube. Ashe talatin ya shirya, ya zaɓi ukun da suka yi sanƙo a wuri guda, ya zubar da masu ƙaryata shi.

Ta zauna tana jin ƙamshin turarensa da ya bari a ɗakin, ta tashi ta buɗe duk tagogin.

Ranar Jumma'a ba ta kai zane ba. Ranar Asabar da safe ta sa Akanbi ya ɗauke ta a babur zuwa bayan gonar Cif, inda ake zubar da kashin kaji. Damina ce. Tulin ya fi ɗaki tsawo, yana tururi, ga matattun kaji sun kumbura, ga fasassun ƙwai, ga tsutsa fari fat tana motsi kamar tafasasshiyar shinkafa. Koren ƙuda ya tashi gaba ɗaya ya yi musu maraba. Akanbi ya tsaya can nesa ya toshe hanci da hularsa.

"Iya Dotun! Shekara ashirin kina hana ni shiga ɗaki in na ci albasa, yau ke ce a nan?"

"Riƙe min buhu ka rufe baki, kada ƙuda ya shiga."

"Saboda gashin ƙwaro? Wanda ko shi ƙwaron bai san ya zube ba?"

Ta ɗaure hanci da ɗankwali biyu, ta taka gefen tulin inda ganye ya gauraya da taki. Taku na uku ƙasa ta burma da ita har gwiwa. Wani ɗumi mai yauƙi ya cika mata takalmi ya ratsa tsakanin yatsunta. Ta yi ihun da ya tayar da kajin cikin gonar, ta kira sunan uwarta, hawaye na zuba. Amma ba ta fito ba sai da ta cika buhu huɗu daga wuri huɗu. A gida ta ƙone zanen da ta ɗaura da takalmin, ta yi wanka sau biyar, ta kwana biyu ba ta iya kallon ƙwai ba.

Bayan mako guda mazurari ya ba ta 'yan-tsalle masu ratsin shuɗi sittin da ɗaya. Ta shirya su a hankali, ba ta bari wuta ta taɓa su ba. Kowanne gashi huɗu. Ta jera su a akwati tare da na cikin shara, ta hau mota zuwa ƙauyen Farfesa Ogunrinde.

Ta same shi a baranda. Ya sa aka fito da tsohon madubinsa mai aiki da hasken rana. Ya duba biyar, ya duba na shara uku, ya ja dogon tsaki ya tofar da yawu ta kan baranda.

"Ni na sa hannu aka ɗauki yaron nan aiki," in ji shi. "Miƙo min biro."

Wasiƙa biyu ya rubuta, ɗaya ga masu mujallar da za su buga takardar Dakta a kan sabon jinsin, ɗaya ga shugaban tsangaya. Takardar ba ta fito ba. Ba a yi taro ba, ba a tuhumi kowa ba, an dai ce Dakta ya janye ta don ya ƙara bincike. Cif ya ji haushi ya bai wa wani sashe motar.

Laifin kuwa a kan Fehintola ya faɗa. Abokan aikin da suka shekara ashirin suna cin doya da ita a ƙarƙashin mangwaro suka riƙa matsawa in ta zo. Wata mai buga takardu ta ce da ita a fili, "Anti, kin kyauta. Za mu ci gaba da hawa acaba da buhu a ka, amma alhamdu lillahi ƙwaro ya sami gashinsa."

Bayan shekara biyu Dakta Fashakin ya zama shugaban sashen. Takarda ta farko da ya sa wa hannu ita ce ta mayar da ita ɗakin wanke-wanke, inda ake kankare kwalabe da farantan kejin ɓeraye. Shekara shida ta yi a can. In sun haɗu a baranda yakan rusuna ya ce, "Anti, ina kwana?" Ita kuma ta amsa, ta ɗauke numfashi har ya wuce. Ɗalibai dai ba su daina lallaɓowa da gilasansu ta ƙofar baya ba. Takan goge hannu, ta bi su ta leƙa, ta ce, "Ƙirga gurbi, kada ka ƙirga gashi," ta koma bakin famfo.

Ranar bikin ritayarta aka dafa shinkafa da naman kaza, aka kafa rumfa. Dakta, wanda a lokacin ya zama farfesa, ya tashi ya yi jawabi mai tsawo. Ya kira ta uwar sashen, ya ce duk abin da ya sani game da gaskiya a aiki daga wurinta ya koya, har muryarsa na rawa. Aka yi tafi. Mai buga takardun nan ma ta share hawaye. Ya miƙo mata agogon bango a kwali, ya buɗe hannu zai rungume ta don mai hoto.

Fehintola ta karɓi kwalin da hannu biyu ta riƙe shi a ƙirji, ya zamana ba inda zai rungumo. Ta ce, "Na gode, yallaɓai," ta juya ta nemi Akanbi, wanda ya riga ya kai loma ta uku.

"Tashi mu tafi."

"Haba Iya Dotun, ko cinyar ban taɓa ba."

"Akwai doya a gida."

Ya dubi fuskarta, ya ajiye cokali, ya je ya tayar da babur. Agogon kuwa ta bai wa mai gadin ƙofar jami'a a kan hanyarsu ta fita.